Wendell Ya Karanta Fuskar Matarsa

Wendell Fontenot bai taɓa ɗaukar abin da ya fi karta biyu nauyi ba. Ubansa masunci ne a garin Biloxi na Amurka, tafin hannunsa kamar bayan kada saboda jan taru, amma ɗan sai ya fito da yatsu irin na amarya. Tun yana saurayi yake cinye abokan ubansa a cacar karta ta poka a bayan rumfar kifi. Da aka buɗe gidajen caca a bakin teku kuwa, sai ya maƙale can kamar kaska a kunnen kare.

Gaskiya dai ya iya. Ba karta yake kallo ba, mutane yake kallo. Maƙogwaronka ya motsa, ya gani. Karatunsa ɗaya ne, yana ta nanata shi kamar aku: mai dukan tebur yana kurari ba shi da komai a hannu, mai ƙarfi shiru yake yi. Da wannan ya ci motocin mutane, ya ci har zoben auren wani tsohon soja, ya sa a yatsa yana yawo da shi, ko kunya babu.

Matarsa Lurleen mai haƙuri ce har ya yi mata yawa. Ta dafa miyar kuɓewa da jatan lande, miyar ta huce, ta ɗumama, ta sake hucewa. Ranar da ta haifi 'yarsu, yana Las Vegas wajen caca.

Sai likita ya ce za a yi mata aiki a zuciya ranar Asabar. Ranar ce kuma Wendell zai zauna teburin ƙarshe na wata babbar gasa, inda in ka bar kujerarka ake ta zaftare rabonka har ya ƙare. Da safen Juma'a ta tare shi a kicin.

"Wendell, gobe kai za ka kai ni asibiti."

"Haba Lurleen, ƙaninki fa? Motarsa ta fi tawa sanyi."

"Ƙanina na aura?" Ta ɗauki faranti ta rotsa a bango. "Idan na farka ban gan ka ba, ka ci kartarka, ta dafa maka, ta binne ka! Ba za ka ƙara ganin ƙeyata ba!"

Da mutumin kirki ne, da ya ji tsoro. Shi kuwa gogan sai ya jingina da firiji yana nazarinta. Ihu, ga fasa kaya, ga rawar murya. A ransa ya ce burga ce. Ya sumbaci goshinta, ya tsallake fasassun tangaran, ya tafi aski.

Ƙaninta ya kai ta. Aiki ya yi kyau. Daga asibiti ta zarce gidan yayarta a garin Mobile, lauya ne ya kawo wa Wendell gaisuwarta, wato takardar raba aure. Gasar ma kafin azahar aka fitar da shi.

Yanzu ya tsufa, haƙora sun zube, yana nan a ƙananan tebura yana fizgar kuɗin 'yan fansho. Wani tsohon abokin cacarsa, Cleve, yakan tsokane shi: "Kai malamin fuska, yaya matar gida ta yi maka wayau?"

Sai ya gyara tabarau ya ce, "Cleve, karatuna daidai ne, sa'a ce ta ƙi. Da za a sake rabawa, haka zan sake bugawa."

Tir! Kuma 'yan teburin har gyaɗa masa kai suke yi.