Gidan da Na Gina wa Yayata a Kan Tabki

A lokacin ni magini ne mai ji da kansa a Zango, ba a gaya mini magana a kan siminti. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta sayi fili a wani tsohon tabki da aka cike da shara da yashi, ta ce ni zan yi mata bene. Injiniyan da ya duba wurin ya sa aka haƙa ramuka masu zurfi, muka zuba ginshiƙan ƙarfe da siminti har suka wuce laka suka taka ƙasa mai tauri. Ya gargaɗe ni kada in ƙara ciko a kewayen ginin. Ya ce lakar ba ta gama zama ba, in aka ɗora mata nauyi za ta sauka, kuma tunda tana manne da ginshiƙan sai ta ja su ƙasa tare da ita. Na yi masa dariya a raina. Yana juya baya na sa kamiyo, wato babbar motar kaya, ya yi ta juye jar ƙasa, wai in ɗaga tsakar gida kada ruwan damina ya shigo wa Yaya.

Shekara biyu da tarewarta gidan ya soma nishi. Da tsakar rana, in unguwa ta yi tsit, sai a ji shi daga ƙarƙashin daɓe. Ƙofar ɗakinta ta riƙa buɗe kanta a hankali. Ruwan randa ya karkata gefe guda. Wani rami ya buɗe a gindin matakala, iska mai sanyi da warin tabki tana fitowa, ga kukan kwaɗi a tsakiyar rani. Tsakar gida na lotsawa sai in ƙara ciko, gidan kuma ya ƙara nitsewa. A karo na uku na gane abin da nake yi, amma girman kai ya rufe mini baki.

Maƙwabta suka ce mutanen ruwa ne suke neman wurinsu. Yaya ta kira ni ta tambaye ni ko akwai abin da na sani, ta ce in kuskuren aiki ne ta yafe tun kafin in faɗa. Na dubi idonta na ce aikina ba shi da aibu. Daga ranar ta ɗora laifin a kanta, cewa ita ta danne wa bayin Allah gida. Ta sa aka yi sauka, ta yi sadaka, abinci ya gagare ta, ta rame. Ta koma wurin dangin mijinta a Gaffati, can ta rasu tana roƙon a nema mata gafarar waɗanda ta zalunta.

Gidan yana nan ba kowa, ko awaki ba sa shiga. Ina jin kunya, ina jin tsoron haɗuwata da Yaya a lahira. Ƴan'uwana magina, ku ji maganar wanda ya san ƙasa, in kuma kun yi kuskure ku faɗa tun mai yafewa yana da rai. Ni na yi shiru, yanzu babu wanda ya rage in faɗa wa sai ku.