Asabar ɗin da Na Kwanta a Tabarma

Shekarar da babura suka cika Azare, har mai tallar goro ma ya sayi nasa, ita ce shekarar da ƙungiyarmu ta sa kai ta ɗora mini muƙamin jami'in horarwa. Aikin ƙungiyar kai ɗauki ne: in an yi hatsari a hanya, mu ɗauki wanda ya ji ciwo zuwa asibiti. Ni kuwa dillalin wake da riɗi ne, karatuna a firamare ya tsaya. Da aka ambace ni na ce wa shugaba, "Alhaji, ga malaman makaranta zaune, me ya kawo ni ciki?"

Shugabanmu, wani dattijo ɗan fansho, ya ce, "Su sun iya magana. Kai ka iya sa mutum ya yi abin da bai fito da niyyarsa ba."

Na karɓa, amma daga ranar hankalina ya ƙi kwanciya. Ina kasuwar Udubo hannuna cikin buhu, zuciyata tana hanyar Jama'are, inda muka taɓa cicciɓar wani ɗan acaɓa. Wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, kai yana reto. Ya rayu, amma bai ƙara tafiya daidai ba. Ban sani ba ko faɗuwar ce ko ɗaukarmu ce. Rashin sanin nan ne yake cin raina.

Wanda na gada bita yake shiryawa: kujerun roba, lemon kwalba, a sha lacca, a raba takardar shaida. Ni ban iya lacca ba. Abin da na iya shi ne haɗa mai kaya da mai nema. Na yi ta zagaye har na samu wata nas, matar abokin cinikina, mutanen Yobe ne da suka daɗe a garin. Ta yarda ta ba mu Asabar uku kyauta, amma da sharaɗi.

"Alhaji, ba surutu zan zo yi ba. Kowa da hannunsa zai yi. In suka ƙi, ba za ka sake ganina ba."

Asabar ta farko muka taru a wani aji na firamare. Dattawa suka kama gaba da manyan riguna, matasa suka lafe a baya. Nas ta shimfiɗa tabarma ta ce mutum ɗaya ya kwanta a matsayin wanda ya faɗi. Ba wanda ya taso. Babba ba zai baje a ƙasa gaban mace sa'ar 'yarsa ba, ƙarami kuma ba zai miƙe ƙafa gaban surukinsa ba.

Sakatarenmu, tsohon hedimasta, ya gyara gilashi. "'Yata, ki rubuta mana a allo. Ai mu ba yara ba ne."

Sai nas ta fara naɗe bandejinta tana mayarwa jaka. Na fita, na dawo, na sake leƙa ƙofa, kamar wanda ke jiran motar kaya. In ta rufe jakar nan, shi ke nan, mun koma ɗaukar mutane kamar buhu.

A kasuwa, in mai saye yana shakkar wake, ba na yi masa rantsuwa. Ɗauka nake in gatsa a gabansa. Na cire hula, na tuɓe takalmi, na kwanta da sabuwar shaddata.

Wani daga baya ya ce, "Subhanallahi, dillali ya faɗi! Farashin wake ne ya karye?"

Aka fashe da dariya. Na ce, "Malam hedimasta, zo ka ɗauke ni in ka isa."

Ya taso da fushinsa ya saka hannu a hamatata zai ja.

"Baba, tsaya," in ji nas. "Da a ce hatsarin gaske ne, da yanzu ka karya masa wuya."

Ya sake ni a hankali. Ban ƙara jin dariya ba. Ta sa shugaba ya durƙusa ya riƙe kaina da hannu biyu, mutum uku suka jeru a gefena, aka kawo wani tsohon ƙyaure da za a ɗora ni a kai. Daga tsaye take ba da umarni, ba ta taɓa kowa ba. Sau shida suka mirgina ni, sau shida suka ɗaga. Kwanciya shiru ta fi komai yi mini wuya, ina ta cewa wane ya matsa, wane ya sassauta, har ta ce, "Alhaji, wanda ya suma ba ya dillanci."

Da muka tashi, shaddar ta yi duƙun-duƙun. Hedimasta ya kakkaɓe gwiwa ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Mako mai zuwa ni zan kwanta. Wannan nauyinsa ya yi yawa."

Nas ta rataya jaka ta ce a tanadi ƙyaure biyu.

Na ɗauka zan samu natsuwa. Ina ɗaure takalmi na tuna 'yan ƙungiyarmu na garin Shira ba ko ɗaya da ya zo, kuma can ma babura sun yi yawa. Washegari ko buhu ban buɗe ba na kama hanyar Shira.