Benci Ɗaya da Rediyon Gidan Su Rabi

Haƙƙi ne a kan Hedimastanmu ya miƙa karanta labaran duniya a taron safe ga duk wanda ya zo na ɗaya a aji shida. Haka dokar makarantarmu ta firamare a Kafanchan ta tanada, kuma shi da kansa ya rubuta ta a allon ofishinsa. Ni na zo ta ɗaya. Amma wata Litinin cikin Janairun 1991, ana tsakiyar yaƙin Tekun Fasha, muna jere a filin taro sai ya ɗaga murya ya ce, "Wa ke da rediyo a gidansu?" Rabi, 'yar wani mai sayar da yadi, wadda ta zo ta huɗu, ta ɗaga hannu. Ita aka ɗora a kan benci, ni kuwa ina ƙasa cikin masu tafi.

Rediyonmu ya riga ya tafi kasuwa. Jiragen ƙasa sun yi ƙaranci a tasha, Baba da ya yi shekaru yana aiki a can ya koma noman citta, kuma tsadar zamanin ta sa ko sabulu sai an yanka shi gida uku. Da an tashi daga makaranta nakan zauna a tsakar gida da wuƙa, ina tsaga citta ina bazawa a rana har yatsuna su yi raɗaɗi, ƙannena na wasan 'yar gala-gala a bakin ƙofa, ni kuwa zuciyata tana kan bencin nan. Duk safiya Rabi takan hau da farar safa, ta ambaci Bagadaza da Kuwait kamar unguwannin kakanninta, malamai suna gyaɗa kai. Har tarinta kafin ta fara magana na tsana. Mama ta gaji da ɓacin raina ta ce, "Saratu, rediyo ba ya tuƙa tuwo. Ɗauki tulu."

Ban haƙura ba. Na ciro takarda daga tsakiyar littafin lissafi, na rubuta ƙorafi mai sakin layi uku, na kawo dokar kalma da kalma, na sa hannu. Hedimasta ya karanta shi gaban malamai, ya ce, "To, ga lauya mun samu," aka bushe da dariya. Amsa kuwa, har yau ban samu ba.

Rabi ce ta tsayar da ni a bakin famfo ta ce, "Ke dai kin cika rigima. Zo gidanmu ki ji mana, ai ba a kulle kunne." Na je, da niyyar kama ta da kuskure. Ɗaki ɗaya na tarar da su, domin shagonsu da gidansu sun ƙone a tashin hankalin 1987. Babanta yana zaune a tabarma, rediyo manne da kunnensa, abincinsa ya huce. Ƙaninsa direba ne a Saudiyya, kuma tun da aka fara yaƙin ba wasiƙa. Abin da nake hange a matsayin gata, su fargaba suke kwasa daga cikinsa kowace safiya. Na ji kunya, amma don gaskiya, washegari da ta hau sai da haushin ya dawo mini.

Yau jikokina suna kallon yaƙe-yaƙe a waya a tafin hannu suna cin gyaɗa, babu mai marmarin ya tsaya gaban jama'a ya faɗa. Na san akwai waɗanda suka rasa gidaje da 'yan'uwa a waɗancan shekarun, tawa asarar ba ta kai a ɗora ta a sikeli ɗaya da tasu ba. Sai dai ƙanƙantar haƙƙi ba ta mayar da shi kyauta.

Saboda haka, tunda ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana tattara tarihin makarantar, ina roƙon kwamitinta da ya binciki takardun jarrabawar wancan zango, ya rubuta abin da ya gani. Ban nemi a goge sunan Rabi ba. A rubuta kawai cewa ni ya kamata in hau bencin.