Ƙwaryar da Na Kai Ƙofar Masallacin Juma'a

Tun ranar da muka sauka Tawa daga Takanamat nake da tsoro guda: in wani abu ya sami yarona, wa zan kira? Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gari cike da baƙi. Maigidana ya ajiye mu ɗakin haya, ya tafi Kurmi neman aiki. Ba uwa, ba gwaggo, ko maƙwabciyar da ta san sunana babu.

Sai ga zazzaɓi ya kama yaron. Ya bar kama nono, idanunsa suka faɗa. Na taɓa jin cewa mata kan tsaya ƙofar babban masallaci ran Juma'a da ruwa, masu fitowa su yi tofin addu'a a ciki, a ba marar lafiya. Na goya shi, na ɗauki ƙwarya da ruwa, na tafi. Ban taɓa ganin jama'a haka ba, ma'aikata, mahauta, Buzaye da rawunansu, sahu har bakin hanya.

Da aka sallame, kunya ta hana ni buɗe baki. Na miƙa ƙwarya kawai, kaina ƙasa. Wani dattijon Buzu ya karɓa, ya ɗaga amawalin rawaninsa, ya shanye tas, ya sa mini albarka. Ya ɗauka sadaka ce. Ni kuwa sai kuka.

Wata tsohuwa mai sharar harabar masallacin ta matso. "Ke ɗiyata, lahiya?" Da na gaya mata, ta juya kan dattijon. "Kai Buzu, raƙumi ne kai? Maganin jinjiri ka shanye!"

Bawan Allah ya rikice. Da kansa ya je randa ya ciko ƙwaryar, ya tsaya gefena yana tare mutane da guntuwar Hausarsa. Kowa ya tofa. Wani ma'aikacin likita ya yi nasa, ya taɓa goshin yaron, ya ce, "Ba shi ya sha, sannan ki biyo ni asibiti yanzu."

Tsohuwar ta jingine tsintsiyarta ta raka ni. Ba ta bar ni ba sai da yaron ya koma kama nono. Daga nan kowace Juma'a sai ta leƙo ɗakina tana tsokanar yaron tana cewa, "Ina mijin nawa?" Inna nake ce mata. Na sami wadda zan kira.

Don Allah, in ka fito masallaci ka ga mace tsaye da ƙwarya ba ta ce komai ba, ka tsaya ka tambaye ta.