Masarar Bena da Kwalbar Gishiri

Da haƙori na koyi sayen hatsi. In na ciji ƙwayar masara ta ce ƙas, ta bushe ke nan. Na yi shekaru a kasuwar Zuru da wannan dabarar, kuma ina ji da kaina.

Mu 'yan layin hatsi muna da wata al'ada. In kasuwa ta lafa bayan la'asar, mukan taru a rumfar dattijonmu. Wanda ya sayo sabon kaya ya zuba mudu ɗaya a faifai, kowa ya duba ya faɗi abin da ya gani. Duk wanda ya fi sani a ranar shi ne malami, tsiya kuwa kowa na shan rabonsa.

Wata shekara da kaka na kwashe jarina kaf na sayo masara daga garin Bena, saboda wani mai gonar kaji ya ce zai karɓa bayan wata uku. In ta yi fumfuna kafin nan, na tashi daga kasuwa. Na kai mudu rumfa ina taƙama.

Wata mai sayar da wake, matar tsohon soja, ta damƙi masarar ta murza.

"Alhaji, wagga da sauranta."

"Haba Mama, na cije ta fa."

"Haƙoran naka nawa suka rage?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Ta ɗauko busasshiyar kwalba, ta zuba masarar da cokalin gishiri, ta toshe ta girgiza, ta ajiye. Da aka jima muka ga gishirin ya manne a jikin kwalbar.

"Ka gani? Danshi ne ya kama shi. Cikin buhu ruɓe maka za ta yi."

Raina ya ɓaci, amma ba na gardama da abin da idona ya gani. Washegari na farke buhunan duka, na baza masarar a kan tamfol. Kwana huɗu ina juya ta da ƙafa, ina korar awaki, 'yan acaba na wucewa suna cewa Alhaji ya koma noma. Kullum da yamma sai in kai kwalbata rumfa, har ranar da gishiri ya zube ƙasan kwalbar a bushe. Dattijo ya ɗaga ta ya duba, ya ce, "Je ka ɗinke buhunanka."

Da lokaci ya yi mai kaji ya zo, ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana sokawa yana sansanawa. Bai ware ko guda ba. Ana lodi ya tambaye ni ko zan iya haɗa masa na baɗi. Na ce masa ya zo da babbar mota.