Minti Goman Inna Habi

Shekara talatin Inna Habi, ta wata ruga kusa da Kurawa, tana sayar da nono, ba wanda ya taɓa tsintar ko gashin saniya a ƙwaryarta. Mace ce mai tsabta har ta gundure ka, ga baki kamar reza. Da ƙungiyar makiyaya ta buɗe wurin karɓar madara a garin Isa, ita ta fara kai tata.

Mai gwaji a wurin, Malam Maliki, yakan ɗebi madara a 'yar kwalba, ya ɗiga wani ruwa shuɗi, a jira minti goma. In shuɗin ya tsaya, madara lafiya. In ya koɗe ya yi fari, ƙwayoyi sun yi yawa. Wanda tasa ta faɗi sau uku, an daina karɓa daga hannunsa.

Ta Habi ta faɗi sau biyu, a gaban matan da ta sha yi wa gorin ƙazanta. Har ƙus-ƙus ya kai ruga.

Maliki ya ja ta gefe. "Inna, mi kika zubawa ciki bayan tatsa?"

"Ni? Ba ni zuba komi! Sai ludayi guda na nonon jiya, yadda uwata ta koya min, don albarka."

Ya dafe kai. Ya ce abin da ke sa nono tsami shi ma ƙwayoyi ne, kwalba kuwa ba ta bambance na kirki da na cuta.

"To za ni bari," in ji ta, "amma in ta sake faɗuwa, kai da Allah."

Washegari ta kawo madara zalla. Ya ɗiga shuɗin, ya ajiye agogo. Matan da ke layi suka zuba wa kwalbar ido. Ni ma na kawo tawa madarar, wallahi na tsaya kusa da Habi, ina jin numfashinta. Tsoro take ji, tana murza bakin zane, idonta bai bar kwalbar ba. A minti na bakwai wata ta ce kamar ya fara haske, Habi ba ta ko juya ba.

Minti goma suka cika, shuɗi na nan daram.

Ba ta yi murmushi ba. Ta karɓe kwalbar daga hannun Maliki, ta bi layin nan mace bayan mace, tana kai ta daidai hancin kowacce, har ta ƙarshe.