Yajin da Na Daka da Kulkin Ƴata

Laifina ne, ba na Malam ba, ba na iskar Kuala Lumpur ba, ko da yake su biyun na ɗora wa tsawon shekara uku.

Mun zo garin ne saboda karatun maigidana Malam, ƴata ta fari tana aji ɗaya na sakandare. Kafin in gane hanyar kasuwa ta shiga gudu, ta shiga badminton, ta shiga ƙwallon raga. Amma wanda ya tafi da zuciyarta shi ne sofbol: a wurgo ƙwallo, mutum ya maka masa kulki, ya ruga yana zagaya fili ya dawo inda ya tashi. Na tambaye ta amfanin gudun da zai dawo da ke inda kika baro. Ta amsa min da Turanci.

Ni damuwata tabarya. Na samu turmin katako a kasuwar Chow Kit, amma abin dakansa bai fi hannun ludayi ba. Wata safiya ina shara sai na ga kulkinta a bayan ƙofa. Na ɗaga, na ji nauyinsa ya zauna min a hannu. Na ce bari dai in gwada citta ɗaya.

Shekara uku ina gwadawa. Barkono, kanumfari, masoro, daddawa. Tana fita makaranta in ɗauko, kafin ta dawo na goge na mayar. Ban lura murfin robar da ke bakinsa ya tsage ba, kulkin kuwa ƙarfe ne mai rami a ciki.

Sai ta fara dawowa ido jajur.

"Umma, duk na buga ƙwallo sai yarinyar da ke tsugune bayana ta kama atishawa. Har alƙalin wasa."

"Hayaƙin garin nan ne," na ce.

"Ni kaɗai hayaƙin yake bi?"

"Babanku ma yana yi. Gado ne."

Malam ya kai ta asibiti sau biyu. An hana ta cin jatan lande, abin da ta fi so a duniya, ina zaune na ce Allah ya sawwaƙe.

A shekarar ƙarshe wata kwaleji ta aiko kocinta ta zaɓi ƴan wasa. Wadda aka ɗauka za ta yi karatu a nan. Wadda ba a ɗauka ba, in irin ƴata ce, sai ta bi mu gida in Malam ya gama, inda babu mai sanin wasan. Ban taɓa zuwa kallonta ba, ƴar fari ce, ko sunanta ba na kira. Ranar dai na je, na zauna can baya.

Bugun farko ƴata ta maka wa ƙwallon kulki, ya tashi kamar ba zai sauko ba. Murfin ma ya tashi. Jan gari ya turnuƙe wurin. Mai tsugune ta jefar da hular kwanonta, alƙali ya durƙusa yana hawaye. Da ya farfaɗo ya zazzage kulkin a tafin hannu: yaji, da ƙwayar kanumfari biyu. Ya ce an cusa wa kulki abu, maguɗi ne. Aka fitar da ita a gaban kowa.

Ta waigo ta dube ni. Na buɗe jaka ina neman abin da ban ajiye ba.

Wannan shirun shi ne babban laifin. Wata huɗu ba ta taɓa ƙwallo ba. Tana zuwa gudu, tana dawowa, ta ci abinci ba yaji. Sai wata rana na ji tana tambayar Malam ko a Kano akwai filin badminton.

Washegari na ɗaura turmin a zani na hau jirgin ƙasa na cikin gari. Mutane suka matsa min, wata tsohuwa ta tambaya ko jariri ne. A ofishin kocin, Turancina ya ƙare a gaisuwa, Malayancina kuma na cefane ne. Sai na kwance turmin, na zuba barkono, na nuna wani kulki da ke jingine.

"Boleh?" na ce, wato ko zan iya.

Ta miƙo min. Na yi daka uku irin na gidanmu, har da cilla tabarya sama a tafa a cafe. Kocin ta yi atishawa, ta dubi kulkin, ta dube ni, ta kira wasu mutum biyu ta ce in sake.

Sun ba ƴata damar gwaji a zango na gaba. Ta shiga, ta buga musu shekara uku, ta haɗa da gudu. Da na gaya mata abin da na yi, sai ta ce:

"Umma, kulkin na yafe. Jatan landen fa?"

Har yau ina soya mata duk Juma'a, ban kuma ce na gama biya ba.

Sabon kulkinta a kwaleji yake kwana, cikin akwati mai kwaɗo. An kawo min tabarya daga Kano tuni. Tunda gaskiya nake faɗa, ba ta kai shi laushin daka ba.